Yadda zaka yi dokumentari a kan mai ɗaukar hoto ba tare da ka tsallake masa iyaka ba

Wanzami ba ya son jarfa. Wannan karin maganar bata taɓa zauna min daram ba sai ranar da na kafa kyamara a gaban wani dattijo da ya shafe shekara 40 da wani abu yana ɗaukar mutane hoto. Mutumin da rayuwarsa kaf cewa yake ɗaga haɓa, matso nan, kar ki motsa, da na ce Baba bismillah zauna nan sai ya kasa zama, ya miƙe ya leƙa cikin kyamarata ya ce fitilar nan ta yi ƙasa, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa wai kujerar ma ba nan ya kamata a ajiye ta ba. Kusan awa guda muka yi ba a ɗauki komai ba. A lokacin na ɗauka iyayi ne kawai irin na tsofaffin ma'aikata, sai daga baya na gane tsoro ne, kuma yana da dalilinsa, domin shi ya san abin da kyamara take yi wa mutum, ya san wanda ya riƙe ta shi ke zaɓar abin da zai shiga da abin da za a bari a waje, ya yi wa dubban mutane haka, yau kuma ga wani yaro zai yi masa.

To idan kana da niyyar yin dokumentari a kan rayuwar mai hoto, na situdiyo ne ko na jarida ko mai yawo a kan titi, ka fara da sanin wannan. Mawaƙi da ɗan siyasa suna son a haska su, shi kuwa mai hoto sau da yawa ya ji daɗin sana'ar ne ma saboda ta bashi wajen ɓuya, yana ganin kowa ba a ganinsa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, da na kayan aiki da na mu'amala, daga nan ya samo tushe.

Kafin ka ɗauko kyamara

Ka je hannu rabbana. Zuwa na farko da na biyu, kai har na biyar in ta kama, ka bar jakar kayan aiki a gida. Bill Cunningham, mai ɗaukar hoton suturar mutane a kan titi na jaridar New York Times, wanda a zamaninsa kullum yana kan keke da shuɗiyar rigarsa, sai da darakta Richard Press ya yi shekara 8 yana lallaɓa shi kafin ya yarda, ɗauka da haɗawa suka ci wasu shekara 2, fim ɗin ya fito a 2010. Ba cewa nake kai ma ka jira shekara 8 ba, amma in mutum ya ce maka bari in yi tunani, kar ka kira shi washegari kana cewa ya ake ciki.

Kuma ka san aikinsa kafin ka je. Kar ka zauna ka ce Baba a bamu tarihi, wannan tambayar an yi masa ita sau ɗari, yana da haddaddiyar amsa da yake zubowa kamar an kunna rediyo, shekarar haihuwa, wanda ya koya masa, kyamararsa ta farko, shikenan. Ka zaɓi hoto ɗaya nasa ka tambaye shi a ina ya tsaya lokacin da ya ɗauka, me ke bayansa, wa ya kai shi wajen, me ya faru bayan ya danna. Zaka ga idonsa ya canza, don ya gane ka kalli aikin da gaske.

A wannan zuwan ne kuma zaka faɗa masa gaskiyar abin da kake shirin yi: wa ke biyan kuɗin fim ɗin, tsawonsa kamar nawa, a ina za a nuna. Wannan na ƙarshen mutane suna wasa da shi. Wanda ya yarda a nuna shi a zaure gaban mutum 200 masu son hoto, bai yarda a yanko daƙiƙa 30 yana hawaye a watsa a TikTok ba, abu biyu ne daban, kuma in baka faɗa tun farko ba to yaudara ce ko da baka yi niyya ba.

Zaman shata iyaka

Wannan zaman shi ne ginshiƙin komai, kuma a yi shi ba kyamara, takarda da biro kawai. Ni kashi uku nake raba maganar. Akwai abin da za a ɗauka kuma a saka. Akwai abin da zai iya faɗa min don in fahimce shi amma bazai shiga fim ba. Akwai kuma abin da baya so ma a tambaye shi. Kashi na biyun nan shi ya fi amfani kuma shi ya fi wuyar riƙewa, domin nan ne zaka ji labarin da ya fi kowanne daɗi, ka koma gida kana cizon yatsa, amma sanin da ka yi zai gyara maka yadda zaka haɗa sauran, zaka daina saka kiɗan murna a kan shekarar da ka san ita ce mafi muni a rayuwarsa.

Kar ka tsaya a kan "akwai abin da baka so?" don cewa zai yi babu komai, mutane basa sanin iyakarsu sai an taka. Kai zaka riƙa lissafo masa ɗaya bayan ɗaya. Wane ɗaki ne ba a shiga? Iyali fa, wa za a nuna, wa ba za a ko ambaci sunansa ba? Rashin lafiya, bashi, auren da ya mutu, abokin aikin da suka ɓata, addini, siyasa. Akwai wasu shekaru da yake so a tsallake? Akwai hotunan da ya ɗauka amma baya so a gani? Dattijon da nake baku labari yana da wani kwali a saman kabad ɗaure da igiyar roba, da na nuna shi sai ya ce "wannan ba naka bane ɗana", da murmushinsa, bai ƙara ko kalma ba. Na rubuta a takarda: kwalin sama, a'a. Har muka gama ban sake ɗaga kai wajen ba in yana kallona.

Ku yi alamar tsayawa. Ɗaga hannu ya isa. In ya ɗaga ka kashe da gaske, ka juya kyamarar ta kalli bango ya gani, domin shi ba baƙo bane, ya san dabarar rufe jar fitila a ci gaba da ɗauka, wataƙila ma shi ya taɓa yin ta.

Sai maganar da take raba abokai, wa ke da ta cewa a ƙarshe? Ni dai ra'ayina kar ka damƙa masa wuƙa da nama. In ka bashi ikon cire duk abin da bai masa daɗi ba, talla zaka ƙare da ita, kuma masu kallo suna jin warin talla tun daga nesa. Amma kuma ka ce bazai ga komai ba sai ranar nunawa, wannan zalunci ne. Abin da nake rubutawa shi ne zai kalli ɗanyen haɗi, wato haɗin farko na fim ɗin da ba a kammala ba, kafin kowa, kuma dole in gyara abu in ya faɗa cikin ɗayan waɗannan: kuskure ne a gaskiyar magana, ko zai jefa shi ko wani cikin haɗari, ko yana cikin abin da muka ce ba za a saka ba. Ragowar, kamar ya ce ya fito da tsufa ko baya son yadda wani ya soki aikinsa, zan saurara mu yi muhawara amma hukuncin nawa ne. Ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi. Takardar amincewa ta lauya ita ma a yi ta, sai dai ka sani kotu take karewa, bata hana mutum jin an ci amanarsa, saboda haka duk lokacin da fim ɗin ya canza hanya ka koma ka sake tambaya.

Lokacin ɗauka

Babbar dabara ita ce ka bar hotunansa su yi maka tambayar. Mai hoto in ka sa shi ya kalli idon kyamara sai ya daskare, in ka miƙa masa hotonsa a hannu sai baki ya buɗe. A fim ɗin da Wim Wenders ya yi tare da Juliano Ribeiro Salgado a 2014 a kan mahaifin Juliano ɗin, wato Sebastião Salgado na Barazil, a ɗaki mai duhu suka zaunar da shi, ana haska masa hotunansa a jikin wani gilashi da ake gani ta cikinsa, kyamara tana bayan gilashin, to shi hotonsa yake kallo yana tuna baya, mu kuma muna ganin kamar cikin idonmu yake kallo. Christian Frei kuma a 2001 wata 'yar mitsitsiyar kyamarar bidiyo ya maƙala a jikin kyamarar James Nachtwey mai ɗaukar hoton yaƙi, kana ganin yatsansa a kan maɓalli da abin da ke gabansa a lokaci guda, kana jin numfashinsa, ka fahimci mutumin ba tare da an tambaye shi yaya kake ji ba.

Kai da baka da kuɗin wannan, tebur ya ishe ka. Kyamara ɗaya a sama tana kallon teburin da hannuwansa, ɗaya a gefe tana kallon fuska, hasken taga in akwai, ka zube hotuna ka ƙyale shi ya jera yadda yake so. Ka lura da wanda ya ɗauka ya daɗe da shi, da wanda ya kife da sauri ya tura ƙarƙashin sauran. Kar ka ce a dawo da wanda aka kife. Hannun da ya kife ɗin ka riga ka samu.

In ya yi aiki da fim na da, wato naɗin da ake sa wa kyamara a ɗauki hoto a kansa, ka roƙi ganin takardar nan da ake buga duk hotunan naɗi ɗaya a jikinta ƙanana-ƙanana, fim mai milimita 35 yawanci hoto 36 yake ɗauka, zaka ga guda ɗaya an zagaye shi da jan fensir, sauran 35 ɗin su ne hanyar da ya bi ya kai gare shi, yadda ya matsa, ya durƙusa, ya jira. Babu abin da ke nuna tunanin mai hoto kamar wannan takardar. Amma fa roƙo na ce, don wasunsu sun ɗauke ta kamar takardun da marubuci ya yaga ya jefa kwando, basa son kowa ya ga kuskurensu.

Maganar da ta yi nauyi, gwada ajiye kyamara gaba ɗaya ka ɗauki murya zalla. Haka darakta Laura Poitras ta yi da mai ɗaukar hoto Nan Goldin a fim ɗinsu na 2022, hirarrakin da suka shafi gidansu da rasuwar yayarta murya kawai aka naɗa, daga baya aka ɗora hotunanta a kai. Mutum in ya san ba a kallon fuskarsa yakan saki jiki, kai kuma dama kana da hotunan da zaka rufe allon da su, wanda mai yin fim a kan likita ko direba bashi da wannan gatan. Ka tabbata dai sautin yana da kyau, makirfo kusa da baki, a kashe fanka da firji, kuma kafin ku tashi ka naɗi shirun ɗakin na kamar minti ɗaya, zaka gode min ranar editin.

Tambaya mai wuya kuma a ajiye ta sai can ƙarshe, kuma a buɗe masa ƙofar fita kafin a yi ta. A fim ɗin Cunningham ɗin nan, sai dab da ƙarshe daraktan ya ce masa yana da tambaya biyu da suka shafi sirrinsa kuma ba dole ne ya amsa ba, ɗaya kan soyayya ɗaya kan zuwansa coci duk Lahadi. Ta farkon ya amsa da dariya, ta biyun sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru mai tsawo, kuma ba a yanke shirun ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Abin koyi a nan shi ne kai ma ka iya yin shiru, yawancinmu da mun ji daƙiƙa 5 ba magana sai mu rikice mu jefa wata tambayar, mu kashe abin da yake shirin fitowa. Ka ƙirga 10 a zuciyarka kafin ka buɗe baki. In kuma ya ce a wuce, a wuce ɗin, kar ka zagayo ta bayan gida da tambayar a wata riga bayan minti 20, yana ganewa.

Bari in faɗi nawa laifin. Wata rana muna tsakiyar ɗauka 'yarsa ta leƙo ta ce Baba ana magana, ya tashi ya shiga ciki, ni na manta shi ma ya manta cewa ƙaramin makirfon nan yana maƙale a wuyan rigarsa kuma na'urar tana naɗa. Abin sauraro yana kunnena. Na ji tana masa maganar sakamakon asibiti, na ji ya ce kar ki faɗa wa kowa tukuna, kuma wallahi sai da na yi kusan minti ɗaya ina ji kafin hannuna ya kai na cire, ba don ban san ya kamata in cire ba, zuciyar ɗan fim ce take ce min wannan ai shi ne fim ɗin. Da ya dawo na ce Baba makirfo a kunne yake, na ji wani abu, ga fayil ɗin, na goge a gabansa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce mu ci gaba. Bayan wata 2 shi da kansa ya kawo maganar ciwon a gaban kyamara, da kalmominsa, iya inda yake so ya tsaya. Ban ce kullum haka take ƙarewa ba, zai iya yiwuwa da bai taɓa kawowa ba kuma da haka fim ɗin zai fita. Tun daga ranar dai duk wanda na maƙala wa makirfo sai na nuna masa maɓallin kashewa da hannunsa.

In mai hoton ya yi aikin yaƙi ko yunwa ko haɗari, ka ƙara taka-tsantsan. Salgado da kansa ya faɗi yadda abin da ya gani a Ruwanda a 1994 ya sa shi rashin lafiya har ya ajiye kyamara na wani lokaci. Kevin Carter, wanda ya ɗauki hoton nan na yaro da ungulu a Sudan a 1993, ya ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida a 1994 kuma a cikin shekarar ya kashe kansa yana da shekara 33. Saboda haka irin wannan hirar kar ta wuce awa ɗaya ko makamancin haka, kar a yi ta da dare ka tattara kayanka ka bar mutum shi kaɗai da abin da ka tono, ka tabbata akwai wani nasa a kusa, kuma washegari ka kira ka gaishe shi ba don aiki ba.

Mutanen da ke cikin hotunan

Nan ne kusan kowa yake mantawa. Mai hoto ya yarda, iyalinsa sun yarda, to waɗanda ke cikin hoton fa? Dorothea Lange ta ɗauki wata mata da 'ya'yanta a sansanin masu tsintar amfanin gona a Kalifoniya a 1936, hoton ya zama fuskar talaucin Amurka na wancan zamanin, bata ko rubuta sunanta ba. Sai a 1978 duniya ta san sunanta Florence Owens Thompson, kuma ta nuna bata ji daɗi ba, ta ce ko sisi bata samu ba. Shekara 42 fuskarta tana yawo. Ko ka ɗauki Malick Sidibé na Bamako, wanda ya rasu a 2016, da hotunansa na samari da 'yan mata suna rawa a shekarun 1960 da 1970, kyawawa ne ba magana, amma 'yan matan nan yanzu kakanni ne, wata zata yi dariya ta kira jikoki su gani, wata kuma bazata so surukanta su ganta a haka ba.

Bazaka iya nemo kowa ba, kuma hoton da aka riga aka buga a jarida ko littafi ko aka rataye a baje koli hukuncinsa daban da wanda bai taɓa fita daga akwati ba. Inda nake tsayawa in nemi izini ko in haƙura shi ne hoton da ba a taɓa fitarwa ba, hoton yara, marar lafiya, gawa, tsiraici, da duk wanda za a ɗora masa labarin da zai iya zubar masa da mutunci. In mai hoto yana riƙe da hoton wata yana cewa ai wannan mijinta dukanta yake yi, to ko dai muryar ta shiga ba hoton, ko hoton ya shiga ba muryar. Nemo su ɗin ma riba ce, don mutum ya riƙe hotonsa na shekara 40 baya yana kallo yana daga cikin abin da ya fi kyau a irin wannan fim.

In mai hoton ya rasu

Sai abin ya ƙara nauyi don babu wanda zai ɗaga maka hannu. Vivian Maier ta yi kusan shekara 40 tana aikin rainon yara, mafi yawa a Shikago, tana ɗaukar hoto a kan titi da kyamarar Rolleiflex rataye a wuya, ta tara nagetif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, sama da 100,000 kusan ba wanda ta nuna wa. A 2007 aka yi gwanjon kayanta saboda ta kasa biyan kuɗin ɗakin ajiya, wani mai suna John Maloof ya sayi wani kaso, ta rasu a 2009, fim a kanta ya fito a 2013 har ya shiga takarar Oscar. Matar da take kulle ɗakinta da kwaɗo, take ba masu shago sunan ƙarya, yau ga yaran da ta raina sun girma suna faɗin halinta mai kyau da marar kyau a gaban duniya. Ni ina ganin fitar da hotunan daidai ne, amma wasu abubuwan na cikin ɗakinta da an bar mata. Gwajin da nake yi shi ne, wannan sirrin yana taimaka wa mai kallo ya fahimci hotunan ko kuwa daɗin gulma ne kawai? In gulma ce a cire.

Labarinta ya koyar da wani abu kuma: mallakar nagetif daban, haƙƙin mallakar hoton daban. A 2014 wani lauya ya kai magana kotu cewa akwai ɗan uwanta a Faransa da ya cancanci gado, aka yi ta fama har aka sasanta a 2016. A Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai haƙƙin yakan kai shekara 70 bayan rasuwar mai aikin, wasu ƙasashen lissafinsu daban ne, ka duba dokar inda kake. Ko mai hoton yana raye ma ka tambaya, don in ma'aikacin jarida ne zai yiwu hotunan na jaridar ne ba nasa ba. Ka yi jerin duk hoton da ka saka da mai shi da izininsa a rubuce tun kana editin, kar ka bari sai gidan talabijin sun tambaya.

Editin da abin da ke bayansa

Kar ka yanke masa hoto. Hoton fim mai milimita 35 faɗinsa da tsayinsa 3 da 2 ne, na Rolleiflex murabba'i ne, allon bidiyo kuma 16 da 9, to in ka ce sai hoton ya cika allo dole ka sare sama da ƙasa. Shahararren mai hoton Faransa Henri Cartier-Bresson har baƙin layin gefen nagetif yake sa a bari a jikin hotonsa don a san ba a taɓa shi ba. Ni na yi wannan kuskuren, ranar da na nuna wa Baba ɗanyen haɗi bai ce komai ba a kan maganar ciwonsa, bai ce komai ba a kan tsohon yaronsa da ya soke shi, sai da aka zo kan hoton wata mata a tsaye ya ce tsaya, "wa ya yanke mata ƙafa?" Ashe takalmin ne dalilin hoton, sabo ne, don shi ta zo. Ka nuna hoton cikakke tukuna, baƙi a gefe da gefe ba laifi bane, ka bar shi ya kai daƙiƙa 7 ko 8, in zaka matsa ciki ka nuna wani sashe sai bayan an ga dukansa, kuma da saninsa. Launi da hasken hoton ma shi zai duba a allo ya ce ya yi.

Ranar nuna masa ɗanyen haɗin, ku biyu ko da mutum ɗaya da ya zaɓa, ba a tura masa ta waya ba. Ka zauna a ɗan bayansa, kar ka yi ta bayani, a kalla har ƙarshe ba tsayawa in zai yiwu, sannan ka bashi kwana biyu kafin ya faɗi ra'ayi domin kallon farko kowa tumbinsa da furfurarsa kawai yake gani. In akwai abin da ya ƙi amsawa kuma rashinsa ya bar rami a labarin, ba sai ka ɓoye ramin ba, ka bar wajen da ya ce a wuce, ko kwalin da ke saman kabad ya fito a bayansa ba tare da an ce komai ba. Na tambaye shi ko kwalin zai iya fitowa a rufe, ya ce a rufe dai ko, na ce a rufe.

Iyakar bata ƙarewa ranar da fim ya fita. Tallan fim ɗin, guntayen da za a saka a Facebook da YouTube, hoton fasta, duk a nuna masa, don mai yanka talla abin da ya fi zafi yake nema kuma bai halarci zamanku ba. Wajen nunawa kuma za a tambaye ka, wani zai ɗaga hannu ya ce me ya faru da matarsa ta farko, me ke cikin kwalin, ka shirya amsarka tun daga gida, tawa ita ce wannan sai shi. Ragowar abin da aka ɗauka ba a saka ba, wanda yakan ninka fim ɗin sau da yawa, ku rubuta wa zai riƙe, wa zai iya buɗewa, me za a yi da shi in ɗayanku ya rasu. Ka yi kwafi 3, ɗaya a wani gida daban, abin da ke cikin kashi na biyu, wato wanda ya faɗa maka amma bazai shiga fim ba, kuma a ware shi a ma'ajiya ta daban da lambar sirri, kar ya bi sauran zuwa wajen mai gyaran sauti ko mai launi. Hotuna da nagetif da ka ara ka mayar da su a jeren da ka same su, cikin ambulan ɗinsu, kuma ka tsaya a ƙirga a gabanka, don zai ƙirga ko kana nan ko baka nan.